Shiga Kwamfuta Daga Nesa Tun Daga Allon Kalmar Sirri: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin nan su ne waɗanda masu kula da kwamfutocin ƙananan ofisoshi, da ɗalibai, da masu shagunan buga takardu suka fi yi mini. Galibin bayanin a kan Linux yake, musamman Ubuntu da Debian, domin a nan ne mutane suka fi shan wahala. Windows ma ta samu nata gurbin a tambaya ta 8. Idan na ce “kwamfutar nesa” ina nufin wadda kake son shiga, “ta hannunka” kuwa ita ce wadda kake zaune a gabanta.

1. Me ya sa ake dagewa sai an ga allon shiga? Ba raba allo kawai ya isa ba?

Abu biyu ne mutane suke haɗawa wuri ɗaya. Na farko raba allo: wani ya riga ya zauna ya shiga asusunsa, kai kuma daga nesa kana leƙa abin da yake gani, kana motsa masa linzami. Na biyu shiga daga nesa: babu kowa a ɗakin, kwamfuta tana tsaye a inda take tambayar suna da kalmar sirri, kai ne za ka buga su daga inda kake, ta buɗe maka naka zaman aikin.

Bambancin ba ya fitowa fili sai ranar da aka ɗauke wuta. Kana Zariya, kwamfutar tana ofis a Kano, wuta ta tafi ta dawo, kwamfutar ta tashi ta tsaya a allon shiga. Idan abin da ka saita raba allo ne, manhajar ba za ta tashi ba sai wani ya shiga tukuna, ga shi an kulle ofis tun la'asar. Wasu sukan warware wannan da sa kwamfuta ta riƙa shiga da kanta ba tare da kalmar sirri ba. Ni ban yarda da wannan ba ko kaɗan, domin duk wanda ya danna maɓallin kunnawa ya samu takardunka a buɗe.

2. RDP, VNC, XDMCP: mene ne su, kuma wanne zan ɗauka?

Ƙa'idoji ne na yadda kwamfutoci biyu za su aika wa juna hoton allo da dannawar madannai. RDP na kamfanin Microsoft ne, ya fito a 1998 tare da Windows NT 4.0 Terminal Server Edition, kuma yana sauraro a ƙofa (wato port, lambar da manhaja ke karɓar kira ta cikinta) mai lamba 3389. VNC an ƙirƙiro shi a wani ɗakin bincike na Olivetti da Oracle a Kambirij ta Ingila a ƙarshen shekarun 1990, ƙofarsa tana farawa daga 5900. XDMCP shi ne dattijon cikinsu, tun 1989, yana amfani da ƙofa ta 177, kuma an yi shi ne takanas domin nuna allon shiga a wata na'ura.

Ka ɗauki RDP. Ya fi haƙuri da intanet mai rauni, yana ɓoye bayanai a hanya, kuma kowace Windows tana zuwa da manhajar shigarsa. VNC yana da ranarsa, wadda na yi bayani a tambaya ta 6. XDMCP kuwa ka bar shi: ba ya ɓoye komai, kalmar sirrinka tsirara take tafiya a waya.

3. Ina da Ubuntu 24.04. Wace hanya ce mafi sauƙi?

Ka yi sa'a, ba sai ka ɗora komai ba. Ubuntu 24.04 ta zo da tebur, wato fuskar aikin kwamfuta, mai suna GNOME 46, wanda ya fito a watan Maris na 2024, kuma a cikinsa ne aka fara saka shiga daga nesa ta gaske. Ka buɗe Settings, ka shiga System, sannan Remote Desktop. Za ka ga shafi biyu: Desktop Sharing, wato raba allo, da Remote Login, wanda shi ne muradinmu. Ka danna Unlock, ka kunna shi, ka ba shi suna da kalmar sirri.

A nan mutane da yawa suke ruɗewa. Sunan da kalmar sirrin da ka saka a wannan shafi ba na asusunka ba ne, mabuɗin ƙofar waje ne kawai. Da su za ka haɗu daga kwamfutar hannunka, sai allon shiga na GNOME, wanda ake kira GDM, ya bayyana kamar kana gaban na'urar, sannan ka zaɓi asusunka ka buga kalmar sirrinsa. Wato sau biyu za ka yi sallama, a zaure da kuma ƙofar ɗaki. Kada ka sa su zama kalma ɗaya. Idan ka kunna shafukan biyu tare, Remote Login zai riƙe 3389, raba allo kuma ya koma 3390.

Mai Ubuntu 22.04 ba shi da wannan. GNOME 42 da ke cikinta raba allo kawai ya iya, don haka ya duba tambaya ta gaba.

4. Tawa Debian ce, ko Linux Mint, ko tsohuwar Ubuntu. Ya zan yi?

Sai xrdp, manhajar da ke sa Linux ta amsa kiran RDP. A taminal, wato tagar rubuta umarni, ka buga `sudo apt install xrdp xorgxrdp`, sannan `sudo adduser xrdp ssl-cert` domin ta samu izinin karanta mabuɗin ɓoye bayanai, sannan `sudo systemctl enable --now xrdp`. Umarnin ƙarshen nan shi ne yake sa ta tashi tare da kwamfuta ko da babu wanda ya shiga. Idan katangar tsaro ta ufw tana kunne, ka buɗe wa 'yan cikin gida kawai: `sudo ufw allow from 192.168.1.0/24 to any port 3389 proto tcp`, kana canza lambobin su dace da na rautarka.

Allon shigar da za ka gani na xrdp ne na kansa, ɗan akwati mai gurbi uku. A na sama ka bar Xorg, a sauran ka sa sunanka da kalmar sirrinka na Linux. Idan manhajar hannunka ta riga ta aika su daidai, akwatin ma ba zai fito ba, kai tsaye za ka faɗa ciki.

Shawarata ita ce ka haɗa xrdp da tebur marar nauyi irin Xfce. Ka ɗora shi da `sudo apt install xfce4`, sannan ka buga `echo xfce4-session > ~/.xsession`. GNOME yana tafiya a kan xrdp amma da jan ƙafa, kuma sababbin fitowarsa suna yin sallama da X11, tsohon tsarin zana allo na Linux, wanda xrdp ya dogara a kansa. Kada kuma ka kunna xrdp da Remote Login na tambaya ta 3 a lokaci guda, ƙofa ɗaya za su yi ta kokawa a kai.

5. Na buga kalmar sirri daidai, sai allo ya yi baƙi, ko ya koro ni waje. Me ya faru?

Babu tambayar da ta kai wannan yawa, kuma amsarta kusan kullum ɗaya ce: asusun da kake son shiga da shi yana nan a buɗe a kwamfutar nesa. Kulle allo ba fita ba ne. Idan ka tashi daga ofis ka danna Lock, zamanka yana raye, kuma tebur irin GNOME ba ya yarda mutum ɗaya ya buɗe zama biyu a na'ura ɗaya. xrdp zai yi ƙoƙarin buɗe na biyu, abin ya ci tura, kai kuma ka ga duhu. Maganin shi ne Log Out kafin ka tashi. Idan ka riga ka yi nisa kuma kana da SSH (ɓoyayyiyar hanyar buga umarni a kwamfutar nesa, duba tambaya ta 11), `loginctl terminate-user sunanka` zai rufe tsohon zaman, sai dai duk abin da ba ka adana ba ya tafi, kuma SSH ɗin ma zai yanke. Remote Login na GNOME ya fi ladabi a nan: zai gaya maka akwai zama a buɗe, ya tambaye ka ko ya rufe shi.

Abin da nake yi wa ofisoshi shi ne in buɗe asusu na daban domin shiga daga nesa kawai, in ba shi izinin manyan fayilolin da ake buƙata. Tun da na fara haka kiran dare ya ragu sosai. Idan ba wannan ba ce matsalar, duba ~/.xsession ko ka rubuta sunan teburin da ba a ɗora ba, sannan ka je tambaya ta 14.

6. Ni ainihin abin da ke kan allon ofis nake son gani, har da allon shigarsa. Zai yiwu?

Zai yiwu, kuma a nan ne VNC yake da amfani. xrdp da Remote Login sabon zama suke buɗewa wanda mai tsaye a ofis ba ya gani. x11vnc kuwa, wanda ke sa Linux ta amsa kiran VNC, ainihin allon yake ɗauka. Ana adana masa kalmar sirri da `sudo x11vnc -storepasswd`, a kuma rubuta masa hidimar systemd (mai tayar da manhajoji tare da kwamfuta) da za ta tashe shi da zaɓuɓɓukan `-display :0 -auth guess -forever -loop`, tare da `-rfbauth` da ke nuna inda fayil ɗin kalmar sirrin yake. Yana tafiya lafiya da allon shiga na LightDM, wanda Linux Mint da Xubuntu suke amfani da shi. Da GDM akwai ciwon kai, saboda allon shigarsa zama ne daban da na mai amfani, kuma a kan Wayland yake tafiya, sabon tsarin zana allo, wanda x11vnc ba ya iya ɗauka.

Ka riƙe abu uku. Duk wanda ke ofis yana kallon abin da kake yi, kuma yana iya karɓe linzamin. Tsohon tsarin kalmar sirrin VNC haruffa 8 na farko kawai yake dubawa, komai tsawon abin da ka rubuta, don haka kada ka yi amfani da shi sai ta cikin hanyoyin tambaya ta 9 da ta 11. Sannan idan babu allo a jone da kwamfutar, wani lokaci ba ta zana komai; akwai ɗan toshe na HDMI da ake sayarwa wanda ke sa ta zaci akwai allo.

7. Da wace manhaja zan haɗu daga hannuna?

A Windows, danna maɓallin Windows da R, ka rubuta `mstsc`. A Linux, Remmina. A Mac da iPhone, manhajar Microsoft da aka sauya wa suna zuwa Windows App a 2024. A Android ma akwai ta Microsoft ɗin, kuma tana fid da mutum kunya idan takarda ɗaya yake son turawa, amma ba wurin yin aikin yini ba ne. Tsohuwar Remmina takan yanke daidai lokacin da Remote Login zai miƙa ka daga allon shiga zuwa teburinka; mai tafiya da FreeRDP 3 (injin RDP da ke cikinta) ce ta dace.

8. Idan kwamfutar nesa Windows ce fa?

Ka fara duba wace iri ce. Windows 10 da 11 na Home suna iya shiga wata kwamfutar, amma ba a iya shigarsu ta RDP. Sai Pro, Enterprise ko Education. Idan taka tana cikin waɗannan, Settings, System, Remote Desktop, ka kunna. Hidimar tana tashi tun kafin kowa ya shiga. Mutum ɗaya kawai take ɗauka a lokaci guda, da ka shiga allon ofis zai kulle. Kuma lambar PIN da ka saba bugawa ba ta aiki daga nesa, ainihin kalmar sirrin asusun ake so.

Wasu sukan yi ƙorafin cewa ba su ga allon shiga na Windows ba, ɗan akwati kawai ya tambaye su suna. Haka aka tsara. Tsarin tsaro da ake kira NLA yana tantance ka kafin ya nuna maka komai. Ana iya kashe shi allon ya fito, amma kada ka yi, dalilin yana tambaya ta 10.

9. A cikin ofis yana aiki, amma daga gida ba ya haɗuwa. Me ya sa?

Adireshi irin 192.168.1.20 na cikin gida ne, daga waje ba wanda ya san shi. Tsohuwar dabara ita ce a buɗe ƙofa a rauta a yi amfani da adireshin da kamfanin intanet ya bayar. Amma yawancinmu da layin waya muke hawa intanet, ta MiFi ko rauta mai SIM, kuma kamfanonin waya sukan tara masu amfani da yawa a bayan adireshi ɗaya, abin da ake kira CGNAT. Ƙaramin tsarin Starlink ma haka yake. Ka duba adireshin WAN, wato na ɓangaren waje, a shafin rautarka: idan ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, ko ya bambanta da wanda shafukan duba adireshi suke nuna maka, to ko ƙofa nawa ka buɗe babu mai isowa.

Mafitar da na fi bai wa mutane ita ce Tailscale, manhajar da ke haɗa na'urorinka ta ɓoyayyiyar hanya, wadda aka gina a kan fasahar WireGuard. Ka ɗora ta a na'urorin biyu, ka shiga da asusu ɗaya, kowace ta samu adireshi tsayayye da ya fara da 100, sai ka sa na kwamfutar nesa a manhajar RDP. A Linux tana tashi tun kafin allon shiga. A Windows sai ka kunna Run unattended. Ka kuma kashe ƙarewar mabuɗi ga kwamfutar nesa, in ba haka ba bayan kwana 180 za ta nemi a sake tantance ta, kai kuma kana wata uwa duniya. Idan ka yi dokar ufw ta tambaya ta 4, ƙara `sudo ufw allow in on tailscale0 to any port 3389`.

10. Ina da adireshi na kaina. Me zai hana in buɗe 3389 a rauta in huta?

Don Allah kada ka yi. Akwai na'urori da ba su da aiki dare da rana sai zagaya intanet suna ƙwanƙwasa wannan ƙofa, suna gwada sunaye da kalmomin sirri, kuma RDP da aka bari a buɗe yana cikin manyan hanyoyin da masu kulle fayiloli su nemi kuɗin fansa suke shigowa. A watan Mayu na 2019 aka bayyana ɓarakar da ake kira BlueKeep, wadda ke bai wa maharin damar shiga tsofaffin Windows ba tare da kalmar sirri ba, har sai da Microsoft ta fitar da gyara ga Windows XP da ta daina kula da ita tun 2014. Kwamfutocin da NLA ke kunne a kansu sun samu kariya daga harin wanda bai da asusu.

Na taɓa zuwa wani ƙaramin ofis da aka bar ƙofar a buɗe da kalmar sirri mai sauƙi. Da na buɗe rajistar shiga, gwaji ne jere ba iyaka daga adireshin ƙasashe daban-daban, kuma mai ofishin ya ce shi bai zaci wani zai damu da kwamfutarsa ba. Ba saninka suka yi ba, lamba kawai suke bi. Canza ƙofar zuwa wata lamba yana rage hayaniya amma ba kulle ba ne.

11. Ba na son dogaro da wani kamfani. Ya ake yi da SSH?

Ka ɗora `openssh-server` a kwamfutar nesa, ka saita shiga da mabuɗi, ka kashe shiga da kalmar sirri. Daga hannunka: `ssh -L 13389:localhost:3389 sunanka@adireshi`. Ka bar tagar a buɗe, sannan a manhajar RDP ka rubuta `localhost:13389`. Duk abin da ke tafiya zai bi ta cikin SSH a ɓoye. A /etc/xrdp/xrdp.ini ka mai da layin ƙofar `port=tcp://.:3389`, yadda xrdp ba zai saurari kowa ba sai ta wannan hanya. SSH ɗin kansa yana buƙatar a iya isa gare shi, don haka ba ya tsallake matsalar tambaya ta 9.

12. Wuta ta dawo amma kwamfutar ba ta dawo ba. Me na manta?

A ƙasarmu wannan ce ainihin jarrabawar, kuma wurare huɗu ake faɗuwa. Na farko BIOS, wato saitin da ake shiga da zarar an kunna kwamfuta: ka nemi zaɓin da ake kira Restore on AC Power Loss ko After Power Loss, ka sa shi Power On, domin kwamfutar ta tashi da kanta da zarar wuta ta zo. Na biyu barci: `sudo systemctl mask sleep.target suspend.target hibernate.target hybrid-sleep.target` zai hana ta yin barci, wanda wasu tsarin ke yi ko a allon shiga. Idan laftof ce, ka sa `HandleLidSwitch=ignore` a /etc/systemd/logind.conf domin rufe murfi kada ya kwantar da ita. Tsohuwar laftof mai batir mai rai ta fi dacewa da wannan aiki, tunda ɗauke wuta na ɗan lokaci ba ya kashe ta.

Na uku Wi-Fi, kuma shi ya fi ɓuya. Idan kalmar sirrin Wi-Fi tana adane a asusun mutum ɗaya, kwamfutar ba za ta hau intanet ba sai ya shiga. A saitin haɗin ka kunna Make available to other users, ko ka ja mata waya daga rauta. Na huɗu, idan ka ɓoye dukkan faifan da LUKS, tsarin kulle faifai na Linux, kwamfutar za ta tsaya neman kalmar buɗe faifai tun kafin hidimar RDP ta tashi. Akwai `dropbear-initramfs` da ke ba da damar buga ta ta SSH, amma aikin gwani ne. Rautar ma tana son wuta, ka haɗa ta da inbata ko ƙaramin UPS. Kafin ka yi tafiya ka zare filogi, ka mayar, ka gwada shiga da datar wayarka ba tare da ka taɓa kwamfutar ba.

13. Yana jan ƙafa, kuma ƙ, ɗ, ɓ ba sa fitowa. Akwai gyara?

Jan ƙafa: rage girman allo zuwa 1280x720, rage zurfin launi zuwa 16, cire hoton bango, kashe sauti. Kada ka kalli bidiyo ta ciki, data kawai za ka ƙona. Abin da ya fi tasiri shi ne saurin aikawa na intanet ɗin ofis, domin daga can hoton yake tasowa.

Haruffa masu lanƙwasa kuwa, RDP galibi lambar maɓallin da ka danna yake aikawa, kwamfutar nesa ce ke yanke wane harafi zai fito. Saboda haka a can za ka saita. Linux tana da tsarin madannai na Hausa na Najeriya da na Gana. A zaman xrdp ka buga `setxkbmap ng -variant hausa`, ko `gh` a maimakon `ng`. A GNOME ka ƙara Hausa a Settings, Keyboard. Idan kana so ya dawwama a Xfce, ka sa layin a saman ~/.xsession, kafin sunan teburin.

14. Na bi duk wannan, har yanzu ya ƙi. Ina zan duba?

Ka bi daga waje zuwa ciki. Shin na'urorin suna ganin juna? Gwada `ping`. Shin hidimar tana raye? `systemctl status xrdp`, ko `sudo grdctl --system status` ga Remote Login. Shin akwai mai sauraro a ƙofar, kuma wane ne? `sudo ss -tlnp | grep 3389` zai nuna maka, a nan ne ma za ka kama idan manhajoji biyu suna rikici. Idan duk wannan lafiya, sai rajista: /var/log/xrdp.log yana faɗin abin da ya faru wajen haɗuwa, /var/log/xrdp-sesman.log yana faɗin abin da ya faru wajen tantance ka da buɗe zama, ~/.xsession-errors kuma dalilin faɗuwar teburin. Na GNOME suna fitowa da `journalctl -u gnome-remote-desktop`. Idan za ka nemi taimakon wani, ka kwafo masa layuka 20 na ƙarshe tare da sunan Linux ɗinka da lambar fitowarta, ka goge adireshinka da sunan asusunka kafin ka tura.